Na Raka Kawu Gado Argungu Kallon Kansa

Tun da na dawo daga Argungu ban huta ba. A lakwal, makarantar da nake koyarwa, kafin in aje jaka malamai 'yan uwana sun tare ni, a gidan biki ma ana rabon goro ana ja mini mayafi. Tambayar ɗaya ce: fim ɗin nan na Kawu Gado ya cancanci a zauna a kalle shi, ko shirme ne? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu, shi ya sa na zauna in rubuta yadda tafiyar ta kasance tun daga farko. Wanda ya karanta ya yanke wa kansa hukunci, ni kuma a bar ni in gyara takardun yara.

Kawu Gado yayan mahaifiyata ne, tsohon jandarma, yana zaune Tibiri tun da ya aje aiki. Dogo ne, tsagarmu ta Arawa ta ratsa kumatunsa daga baki har kunne, kuma tun tasowata ban taɓa ganin haƙoransa ba. In rigima ta tashi kan iyakar gona shi ake kira, don in ya tsaya ya yi shiru sai kowa ya tuna yana da wani aiki a gida. Ba shi da shanu, ba shi da mota. Wannan kwarjinin shi ne duk dukiyarsa.

Bara da rani wasu samari 'yan fim daga Kabi suka gan shi a kasuwa yana yi wa mai amalanke tsawa, suka ce shi suke nema. Zai fito a matsayin shugaban 'yan leƙen asiri. Suka tsai da shi kusa da wani rumbu, suka ba shi baƙin tabarau, ya sa tsohuwar kwat ɗinsa, ya faɗi abin da aka ce ya faɗa. Sharaɗi ɗaya suka ba shi: kome ya ji a bayansa kada ya waiwaya, don shugaba ba ya waiwaye. Maganar nan ta yi wa Kawu daɗi ƙwarai. Daga ranar ba wanda bai ji labari ba a Tibiri. Samarin shaguna masu cewa fim ɓata lokaci ne, ya ce musu nasa na koya kishin ƙasa ne, kuma ya yi alkawari zai kawo shi a haska a bangon gidansa, kowa ya zo ya gani.

Da kaka ta yi aka kira shi ta waya, wai za a fara nuna fim ɗin a Argungu. Inna ta ce in raka shi, saboda yana da tansiyo, wato hawan jini, kuma ba ya shan magani sai an tsaya a kansa. Na ɗauki taksi daga Dutsi zuwa Kore Mairuwa, na sauka na shiga wata zuwa Tibiri, na kwana gidansa.

Da safe muna isa tasha muka iske Baffa Altine zaune kan buhun wake, sandarsa bisa gwiwa. Bafillace ne makiyayi, ruggarsu na bayan gari, kuma shi da Kawu sun san juna tun kafin a haife ni. Kun san tsakanin Ba'are da Bafillace: wasa ne na gado, kowa na kiran ɗan uwansa bawa, a faɗa maka abin da in wani ya faɗa sai an raba ku, kuma ba ka da ikon fushi. A duk Tibiri Altine kaɗai ke iya yi wa Kawu dariya a gaban jama'a.

"Ina za ka, Bahillace?" in ji Kawu.

"Inda bawana za shi. An ce an sa Ba'are cikin silima. Na ce in ban gani da idona ba, ko shanuna ba su yarda."

"Wa yag gayyace ka?"

"Ubangida shina jiran gayya?" Ya juyo wurina. "Ɗiyar bayina, riƙe min goran ga. Kak ki sha, nono na, ba ku saba ba."

Motar da muka samu tsohuwa ce mai buɗaɗɗen baya, ƙofarta da igiya ake ɗaure ta. Ni da Kawu muka shiga gaba, Altine ya hau baya tsakanin buhuna, yana leƙo kai ta taga yana tambaya ko shugaban 'yan leƙen asiri ya lura an sace masa takalmi ɗaya. Kawu ya duba ƙafa kafin ya tuna da wanda yake magana. Bayan Dumega muka kafe a rairayi. Kowa ya sauka turi, har da wata mai ciki, amma Kawu ya hau tudu da kwat da tabarau yana ba da oda, yana ƙirga da Faransanci: "An, de, turwa!" Abin haushi, da odar tasa motar ta fita.

A bakin iyaka ɓangarenmu ba mu daɗe ba, don akwai wanda ya san Kawu, har ƙamewa aka yi masa. A ɗaya ɓangaren wani matashin jami'i ya karɓi katinmu, ya tambayi abin da zai kai mu Argungu. Ni na buɗe baki zan ce ziyara, Kawu ya riga ni.

"Ni na shugaban 'yan leƙen asiri."

A zamanin nan da ake ciki, wannan ba maganar faɗi ba ce a bakin iyaka. Aka nuna mana benci muka zauna, Altine na cewa, "Ku yi mai haƙuri, Ba'are na, haka Allah yay yi su." Jami'in ya daɗe yana kallon Kawu, sai ya ciro wayarsa ya duba, ya sake kallonsa. Nan take fuskarsa ta washe, ya kira abokan aikinsa, suka zo suna gaishe shi suna cije leɓe. Kawu ya ɗauka girmamawa ce. Da na je karɓar katinmu jami'in ya miƙo mini wayar, ya ce, "Hajiya, babanku ya kashe mu da dariya." Guntun tallar fim ɗin ne. Ga Kawu fuska murtuke yana magana, ga abin da ke wucewa a bayansa. Ban kalla har ƙarshe ba. Fim ɗin barkwanci ne, na shaƙiyanci ga finafinan leƙen asiri, kuma Kawu bai sani ba.

Daga nan har Bacaka, har muka sauya mota muka kama kwalta, ban ji daɗin hanya ba. Ina ta juya yadda zan faɗa masa. Mutumin da ya tara garinsu ya ce su zo su ga kishin ƙasa, in ce masa dariya za a yi masa? Duk lokacin da na juya sai in gan shi yana goge tabarau da gefen riga, sai in fasa.

A Argungu mun sauka gidan Hajiya Kulu, ƙanwar marigayiya matar Kawu, mai sayar da bandar kifi. Gida ne mai tsabta, amma kome na ciki ƙamshin kifi yake, har matashin kai. Mutanen can 'yan uwanmu ne, magana kusan ɗaya, sai dai inda mu muke cusa Faransanci su Ingilishi suke cusawa, kuma kowane mai wando oga ne. Shayinsu a babban kofi yake, fari tas da madara, a shanye a tashi, ba irin namu na 'yan ƙananan kofuna da ake yini a kansa ba. Burodinsu laushi da zaƙi, Kawu ya ce wannan na masu jego ne. Wuta kuwa tana zuwa tana tafiya ba sallama, kowane gida da injinsa yana kuka.

Hajiya ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi. Ni na ci har na ji kunya. Altine ya duba kwano, kan kifi ya dube shi, ya ja baya ya ce shi ba ya cin abin da ba ya kiwo. Kawu ya samu abin tsokana.

"Ka ga jarumi! Shina kwana da kuraye a daji, ga shi kihi matacce ya kore shi."

"Ci abinka, bawa ba ya zaɓen tuwo," in ji Altine.

Hajiya ta aika aka nemo masa fura. Ya kurɓa ya ce ba laifi, amma hatsin bai kai na ƙasarmu Arewa ba, kuma wannan ne karo na farko a tafiyar da suka yarda da juna. Na ba Kawu maganinsa, na ce gobe da safe zan faɗa masa. Da safe ya sa ni na goge masa kwat, yana ba Hajiya labarin yadda za a shirya tabarmi a ƙofar gidansa ranar da za a haska a Tibiri. Ban faɗa ba.

Bayan la'asar aka haska fim ɗin a wani zauren taro. An cika maƙil. Aka zaunar da mu a gaba, Kawu a tsakiya, ni a hagu, Altine a dama.

To, ga masu tambaya, bari in faɗi gaskiyar fim ɗin. Duk abin da kuka saba gani a finafinan leƙen asiri na Turawa, yaran nan sun ɗauko shi sun sa masa rigar gida. Jarumin yana yawo da kwat baƙa cikin zafin bazara yana ta zufa, yana cewa ba wanda zai gane shi, alhali yara na bin sa a baya. Motarsa ta musamman jaki ce, an ɗaura mata maɓallai, in ya danna na gudu sai ta kwanta. Na'urar sirrinsa a cikin goro aka ɓoye ta, ya manta ya miƙa wa surukinsa ya tauna. Mugun kuwa, da ya kama jarumi ya ɗaure shi, maimakon ya gama da shi sai ya tsaya bayanin shirinsa dalla-dalla, har aka kira salla, suka kwance shi aka je aka yi jam'i, aka dawo aka sake ɗaure shi. A nan na yi dariya har na manta damuwata. Fim ɗin yana da aibu: akwai waƙa a tsakiya da ba ta da dalili, wani wuri iska ta cinye magana, kuma jarumin yana cika zaƙewa, kamar mai tsoron kada a manta barkwanci ake.

Sai Kawu ya fito. Shi bai zaƙe ba, don bai san wasa ake ba. Ya cika bango da fuskar nan da ke raba rigimar gona, ya ɗaga yatsa ya ce ko tsuntsu ba ya ƙetare iyakar nan bai sani ba. A bayansa mugaye suka wuce a jere da raƙumi, ɗauke da akwatin da ake nema, na ƙarshensu har ya tsaya ya sha ruwa a randar da ke gindin rumbun. Kawu bai waiwaya ba. Zauren ya ɗauke da ihu. Wani a bayanmu ya faɗo daga kujera. Kowace fitowar Kawu haka take, yana magana da iko, duniya na watsewa a bayansa.

Ban iya kallonsa ba sai ta gefen ido. Ya cire tabarau a hankali ya sa aljihu, ya aza hannuwa bisa gwiwa. Amma abin da ya fi tsorata ni Altine ne. Mutumin da ya yi ta tsokanarsa tun daga Tibiri, ga shi an ba shi abin dariya na shekara, ya zauna shiru yana kallon ƙasa. Kawu ya juya ya dube shi sau ɗaya. Na san abin da ya gani: in taubashinka ya kasa yi maka dariya, to abin ya wuce wasa.

Ana kunna fitila Kawu ya tashi ya fita, muka bi shi. A waje Nasiru, yaron da ya shirya fim ɗin, ya biyo mu da gudu, yana murna, jama'a na biye da shi da wayoyi.

"Baba, kai ne fim ɗin! Ka ji yadda ake ihu?"

Kawu bai ɗaga murya ba. "Yaro, mi niy yi ma?"

Murmushin Nasiru ya ɗauke. Ya fara bayani, wai da an faɗa masa barkwanci ne da ya yi ƙoƙarin ba da dariya, abin ya lalace. Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar ba ta da amfani a wurin.

"Na tara garinmu," in ji Kawu. "Na ce musu su zo su gani. Da wane ido za ni shiga kasuwar Tibiri?"

Jijiyar wuyansa ta tashi, ni kuma ina laluben magani a jaka. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin kaina da na yi dariya a ciki.

Sai Altine ya fashe da dariya. Irin dariyar nan ta makiyaya da ake ji daga wancan tudu. Ya buga sanda a ƙasa, ya riƙe ciki, ya nuna Kawu.

"Na kama ka! Wallahi na kama Ba'are! Kai kana tsammani yaran ga daga sama sunka hwaɗo? Ni nik kai su. Na ce ina da wani bawa mai huskar shanu, ku ɗauke shi, amma kak ku hwaɗa mai. Na ce ku hana shi waiwaye!"

Nasiru ya buɗe baki. Na ga ƙasan sandar Altine ta sauka kan babban yatsan ƙafarsa. Yaron Bakabe ne, ya san wasan, ya haɗiye abin da zai ce ya sunkuyar da kai kamar wanda asirinsa ya tonu.

Kawu ya daɗe yana kallon Altine. Can ya ce, "Kai?"

"Ni. Kuma ba ka da abin yi, sai haƙuri."

"Ɗan banzan Bahillace, mai ƙahwar sillen kara, wanda kihi yak kora!" Ya cire hula ya bi shi da ita. Tsofaffi biyu suka zagaya wata mota da gudun da bai fi tafiya ba, jama'a na tafi. Wani dattijo a gefena ya ce, "Ashe taubasai ne," kuma nan da nan maganar ta zagaya. Dariyar da ake yi ta sauya, kowa ya ji. A ranar na fara ganin haƙoran Kawu, ashe har da wushirya.

Washegari muka kamo hanya, Nasiru ya ba mu fim ɗin, Hajiya Kulu ta cika mana kwali da kifi wanda Kawu ya sa aka aje daidai ƙafar Altine. A bakin iyaka jami'in nan mai waya ya ƙame masa, Kawu ya ce masa ya kula da raƙuma. A Dumega motar ta tsaya sauke kaya, Altine ya tafi duba wasu shanu da aka kawo sayarwa, muka rage ni da Kawu a inuwa. Na ce masa lallai Baffa Altine ya iya shiri.

Kawu ya ɓare goro, ya ba ni rabi.

"Ɗiyata, watan da anka ɗauki abin ga, Altine shina Dogon Kiriya da shanu. Bai komo ba sai da ruwa ya sauka. Ni nib ba shi labari da bakina."

Na ce, "To Kawu, don me ka..."

"In zanenka ya hwaɗi cikin kasuwa, wani yat tuɓe rigarshi yar ruhe ka, tsayawa kake kana tambaya tai ina yas samo ta?"

Altine ya dawo yana cewa shanun Dumega duk sun rame kamar Arawa, muka hau mota. Wannan maganar ta tsaya tsakaninmu 'yan Dutsi, don Allah kada in ji ta a kasuwar Tibiri.

Amsata ga masu tambaya ita ce ku kalla. In an zo waƙar nan ta tsakiya ku tashi ku sha ruwa, ba abin da zai wuce ku. Sauran kuwa zai biya ku zamanku, musamman in kun taɓa zama gaban tele kuna mamakin yadda jarumin Turawa ke faɗa cikin wuta ya fito rigarsa ko yamutsewa ba ta yi ba.

Ban koma Dutsi ba sai da aka haska shi a Tibiri. Kafin ranar Altine ya bi kasuwa rumfa-rumfa yana shelar yadda ya yi wa Ba'are tarko, har mutane suka riƙa tare Kawu suna tambayar da me zai rama. Bayan magariba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka kawo inji. Gari ya zo, har samarin shagunan nan, sun tsaya daga baya kamar masu wucewa. Kawu ya zauna a gaba da kwat da tabarau, ya sa aka aje wa Altine kwanon kifi a gabansa.

Da aka zo wurin raƙumi, Kawun bango ya ɗaga yatsa, mugaye suka fara wucewa a bayansa. Mutane suka riƙe dariya, ana satar kallon mai gida. Sai Kawu ya miƙe tsaye, ya nuna kansa a bango da sandar Altine, ya daka tsawar nan da duk Tibiri ta sani.

"Waiwaya, tsohon banza! Ga su nan bayanka!"

Ƙofar gida ta ɗauke da dariya. Altine ya fi kowa ihu, yana share ido da bakin rawani. Da Kawu ya zauna, na ga ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba, ya janye kwanon kifin daga gaban Altine, ya tura masa ƙwaryar fura.